Abdurrahim da Sabar Gwaji

Duk wanda ya daɗe a Agege ya san gidan marigayi Malam Shafi'i mai fata, can bayan layin dogo, inda in jirgi ya zo wucewa kwanon rufi ke rawa har sai an dakata da magana. A nan aka haifi Abdurrahim. Kakansa sojan Turawa ne da aka sallama a Ikko bai koma gida ba, ya auri 'yar masu goro ya kafa iyali. Ubansa kuwa fatu yake saye a mayankar Oko-Oba, ya barbaɗe su da gishiri ya sayar wa masu kai su gaba. Abdurrahim ya tashi da Hausa a cikin gida, Yarbanci a bakin titi, Turanci a makaranta, kuma har ya yi aure ya haihu bai taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Arewa a wurinsa labari ce da baƙi ke zuwa da ita a bakinsu.

Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, in an yi raha murmushi ne nasa. Lokacin da shagunan intanet suka cika gari ya maƙale a ɗaya daga cikinsu, tun yana kallo har ya fara gyara wa mai shagon kwamfutoci in sun ƙi tashi. Daga nan ya shiga kwalejin fasaha. Da ya gama ya sha yawon neman aiki, kafin Allah ya haɗa shi da wani kamfanin inshorar lafiya a Ikeja. A can ya yi shekarun ƙarfinsa duka.

Aikinsa ba mai saurin bayyanuwa ba ne, ko a gida an daɗe ba a gane shi ba. Kamfanin yana da manhajar da komai ke bi ta cikinta: rajistar mambobi, asibitocin da suke zuwa, magungunan da aka rubuta musu. Akwai masu rubuta manhajar a bene na sama. In sun gama sabon sashe sai su miƙo wa Abdurrahim, shi ne zai ɗora shi a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar tana amsa duk wanda ya shigo ta intanet. Sabobin biyu ne a wani ƙaramin ɗaki mai sanyi. Ɗaya ta aiki, wadda ma'aikata da asibitoci ke amfani da ita. Ɗaya ta gwaji, wadda ba mai shiga sai shi. A kan ta gwajin yake fara ɗora komai. Ya zama akawu, ya zama majiyyaci, ya zama likita, ya danna abin da bai kamata a danna ba, ya turo mata mutanen ƙarya da yawa a lokaci guda ya ga ko za ta ɗauka ko za ta durƙushe. Sai ya gamsu sannan a kai abin kan ta aiki.

Matarsa Hafsa ce ta taƙaita wa dangi maganar wata rana da suka dame ta da tambaya. Ta ce, "Shi ne mai ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙi." Ya ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya nuna.

Yana son aikin. Yana son sanyin ɗakin da ƙugin injinan, da yadda rubutu ke zubowa a baƙin allo lokacin da saba ke tashi, layi bayan layi, har ta faɗi cewa ta shirya. A unguwa Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa kiran kansa haka ba.

Da kamfanin ya buɗe wani tsari na 'yan kasuwa da masu aikin ƙarfi, Abdurrahim ya ɗauki abin kamar nasa. Ya san yadda ciwo ke kwantar da mutum a Ikko, ya ga yadda ubansa ya ƙare. Sai ya riƙa zuwa Oko-Oba yana zama da mahauta da dillalan shanu, mutanen da suka san shi tun yana bin ubansa. Ba su yarda da kamfani ba, amma sun yarda da ɗan Malam Shafi'i. Da yawa suka shiga, har da Audu mijin ƙanwarsa Radiyya. Kowane mutum sai ya ba da lambar wayar wani nasa da za a nema in wani abu ya same shi.

Cikin waɗanda suka shiga akwai Lado, mai ɗaukar nama, mutumin wani ƙauye a ƙasar Ringim. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta saboda ɗaukar cinyoyin shanu. Da aka zo kan lambar waya bai yi dogon tunani ba.

"Sa ta Inna," in ji shi. "Ni kaɗai na rage mata. Na saya mata waya bara, ba ta iya komai da ita ba sai ɗauka."

Abdurrahim ya sa lambar da hannunsa.

Idanunsa kuwa a hankali suka fara, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Sai ya zo shiga ɗaki kafaɗarsa ta bugi ƙofa. Sai ɗan okada ya gifta ta gefensa a kan babur bai gan shi ba, sai iskarsa ya ji. Wata rana a kan abinci ya yi ta laluben kofin ruwa alhali ga shi nan a gefen hannunsa. Hafsa ta zuba masa ido, ba ta yi magana ba sai da 'yarsu Laila ta tashi daga wurin.

"Abban Laila, ba ka ga kofin nan ba ne?"

"Hankalina ne ba ya nan."

"Jiya ma hankalinka ba ya nan da ka taka min buta? Mu je asibiti."

Ya yi ta ja mata rai har ta haɗa shi da Radiyya, sannan ya yarda. Suka tafi babban asibitin koyarwa na Idi-Araba. Likitar ta sa shi ya leƙa cikin wata na'ura, ta ce ya danna duk sanda ya ga haske ya ƙyafta. Ya zauna yana jira, yana jin na'urar na ƙara, shi kuwa bai ga komai ba sai jefi-jefi. Da aka gama ta gaya masa hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa daga gefe yana matsowa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi. Za a ba shi maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage.

A cikin danfo, motar haya, da suke komowa Hafsa ta tambaye shi yaushe zai gaya musu a ofis. Ya ce zai faɗa. Bai faɗa ba.

Yana da dalilinsa. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa kamfanin zai daina riƙe nasa sabobin, zai koma hayar na wasu a ƙasar waje, kuma in an yi haka ba kowa za a bari ba. Matasan da aka ɗauka bayansa sun fi shi sanin sabon yayin. Shi kuma ya haura arba'in, ba abin da ya iya sai wannan. Ya ce a ransa ai tsakiyar idon na gani, allo kuma a tsakiya yake. Ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa. Bayan wani lokaci ya sake ƙarawa. Kamal, abokin aikinsa da ke kusa da teburinsa, ya leƙo wata rana ya yi dariya ya ce, "Oga, wannan rubutu ai daga Oshodi ma a karanta shi." Abdurrahim ya taya shi dariyar.

Haka aka tafi har wata Asabar a cikin damina.

Masu rubutu sun gama wani sabon sashe. In mamba ya rasu aka shigar da labarin, manhajar za ta aika wa ɗan'uwansa saƙon tes na ta'aziyya, ta kuma ce ya zo ofis da takardu. An ce Litinin ake son sashen ya fara aiki, don haka Abdurrahim ya fito da safe shi kaɗai, ba kowa a ginin sai mai gadi. Ya yi yadda aka saba yi tun kafin ya zo kamfanin: ya kwafo bayanan mambobi na gaske ya zuba a sabar gwaji, don gwaji da sunayen gaske ya fi fito da kuskure. Ba haɗari a ciki muddin an kula da abu ɗaya. A fayil ɗin saiti akwai layin da ke gaya wa manhaja inda za ta kai saƙonni. A wurin gwaji dole ya nuna wani akwatin banza, inda saƙo ke faɗawa ya tsaya, ba ya zuwa wayar kowa. Adireshin akwatin da na hanyar gaske iri ɗaya ne, a can ƙarshen layin kawai suka bambanta.

Ya buɗe fayil ɗin ya duba, don bai taɓa tsallake wannan ba. Amma da girman da ya ba rubutun, layin ya miƙe har gefen allo na dama, daidai inda idonsa ya daina kaiwa. Ya ga farkon, ya ga tsakiyar, kansa ya cika masa sauran da abin da ya saba gani. Sabon sashen da aka miƙo masa kuwa da adireshin gaske ya zo.

Ya zaɓi tarin sunaye, ya sa musu alamar sun rasu, ya saki gwajin. Rubutu ya zubo, ba kuskure ko ɗaya. Ya ƙara wani tarin mai yawa don ya ga ko sabar za ta jure. Ta jure. Ya miƙe yana jin daɗi, ya sauka ya yi azahar, ya tsallaka titi wurin mai amala. Yana cikin wanke hannu wayarsa ta yi ƙara. Radiyya ce.

"Yaya, wane irin saƙo ne kamfaninku ya turo min? Wai suna min ta'aziyyar Audu."

"Wane Audun?"

"Mijina mana. Ga shi nan zaune yana cin abinci. Da ba ya gida yau da ban san halin da zan shiga ba."

Bai iya tuna yadda ya tsallaka titin ya koma ba. Ya hau bene, ya kashe manhajar, ya buɗe fayil ɗin, ya juya kansa a hankali har ƙarshen layin ya shigo inda yake gani. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya duba abin da ya fita. Ɗaruruwa ne, kuma sunayen mutanen Oko-Oba na ciki, domin rukunin 'yan kasuwa ya ɗebo.

Ya kira shugabar sashensu, Madam Adetoun. Tana wurin biki a Ikorodu, da ƙyar take jinsa saboda kiɗa. Ya nemi izinin aika saƙon gyara nan take. Ta ce kada ya sake taɓa komai, sai lauyan kamfani ya ga abin da za a rubuta. Ba ta yi laifi ba, shi ma ya san haka ƙa'idar take. Ya zauna a ɗakin sanyin yana bin lambobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya da wayarsa, yana cewa kuskure ne, mutuminku na nan da rai. Wasu suka zage shi da Hausa, wasu da Yarbanci. Wata mata a Mushin ba ta iya cewa komai ba, numfashinta kawai yake ji. Ya kira lambar mahaifiyar Lado, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira Lado, wayarsa a kashe, don in yana aiki a jaka yake rataye ta saboda jini. Sai bayan la'asar saƙon gyara ya fita.

Abin da ya faru a ƙauyen daga baya ya ji shi. Wayar ta yi ƙara, tsohuwar ta ɗauka ta kai wa malamin firamare da ke maƙwabtaka da ita. Malamin ya karanta. Ya nemi Lado bai same shi ba. Ya tara dattawan unguwa biyu suka shiga suka gaya mata da lallashi, yadda ake faɗar irin wannan labari. Ta miƙe za ta shiga ɗaki, ta faɗi a bakin ƙofa. Dama tana da hawan jini. Kafin Lado ya kunna wayarsa da yamma an riga an kai ta asibiti a bayan babur, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, bakinta ya karkace.

Ran Litinin Madam Adetoun ta kira shi ofishinta. Mace ce mai tsare gida amma ba ta da mugunta, ita ce ta tsaya masa aka ƙara masa girma shekarun baya. Ta ce an bincika, masu rubutu ma suna da nasu kason tunda su suka bar adireshin. Amma ita abin da ta kasa ganewa shi ne yadda ya wuce shi.

"Na san aikinka, Abdurrahim. Ba ka tsallake fayil. Me ya faru?"

Yana iya cewa gajiya ce, da ta karɓa. Ya cire tabaransa ya ajiye a kan teburin, ya gaya mata maganar asibiti. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya faɗa. Ta jingina da kujera ta rufe ido.

"Da ka gaya min," ta ce da Yarbanci, murya ƙasa-ƙasa, "da na sa Kamal ya riƙa duba maka fayil. Abin da zan yi ke nan, ba wani abu ba."

Ko gaskiya ta faɗa ko kuwa yanzu da abin ya faru ne take ganin haka, har yau bai sani ba. Manyan kamfanin suna son a ce an ɗauki mataki, jaridu sun fara kira. Aka ba shi zaɓin ya ajiye aikin da kansa. Ya yi sauran makon yana miƙa wa Kamal komai: kalmomin sirri, da ɗabi'un tsofaffin sabobin, wace ake fara tayarwa in wuta ta ɗauke, wane saƙon kuskure ne ba ya nufin komai. Kamal bai ƙara yi masa raha ba. Ranar ƙarshe ya rako shi har bakin titi ya tsayar masa da danfo, abin da bai taɓa yi ba.

Unguwa ta fi ofis wuya. Wasu abin dariya suka mai da shi, in ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Injiniya, yau wa za a kashe?" Wasu ba su ga abin dariya ba. Akwai dillalin da matarsa ta kamo hanya daga Zariya tana kuka kafin a same ta a waya. Mutanen Oko-Oba suka fice daga tsarin kusan gaba ɗaya, har waɗanda saƙon bai shafa ba. Wani dattijon mahauci, aminin ubansa, ya tare shi bayan sallar Juma'a ya ce, "Mu ba kamfani muka sani ba, kai muka sani." Ya faɗi haka ba faɗa, ya wuce. Abdurrahim ya koma yin sallah a wani ƙaramin masallaci na Yarbawa da ke can ƙarshen layi, inda ba wanda ya san labarin.

Hafsa ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Ta buɗe tagar ɗakinsu na waje ta fara sayar da kayan shayi da sabulu da garin kwaki. Safe da yamma ta zaunar da shi ta ɗiga masa magani.

Lado ya tafi gida tun washegarin abin, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, wata ranar Lahadi da hantsi sai ga sallamarsa a ƙofar gida. Abdurrahim ya fito. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa mari ma. Lado ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya tambayi iyali, ya zauna a kan benci. Ya rame.

"Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Tana gane mutane. Magana ce dai babu."

"Lado, ni ne. Ba na'ura ba ce, ba kamfani ba ne. Da hannuna na yi."

"An gaya min. An ce idonka ne." Ya murza hularsa. "Ni ba rigima ta kawo ni ba, Injiniya. Kayana na zo kwashewa. Ba mai juya ta, ba mai ɗaga ta, matar ƙanin babana ce ke taimakawa, ita ma ta tsufa. Na ce ba zan tafi ban yi maka sallama ba, kada ka ji a bakin mutane ka ɗauka wani abu ne."

Abdurrahim ya ji da ma marin aka yi masa. Ya ce, "In ba za ka damu ba, ina so in bi ka in gaishe ta."

Lado ya kalle shi. "Hanya ce mai nisa."

"Na sani."

Haka ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Arewa, a babbar motar fasinja, Lado a gefensa yana riƙe masa hannu in za a sauka cin abinci. Ƙasar da ya tashi yana jin labarinta ya gan ta ne ta 'yar kafar da ta rage masa, gona ɗaya, bishiya ɗaya, sai ya juya kai sannan ya ga na kusa da su. A ƙauyen mutane suka yi ta yi masa sannu da zuwa, suna murmushin Hausarsa ta Ikko.

Tsohuwar na kwance a kan katifa a ƙasa, 'yar ƙarama, an lulluɓe ta da zane. Lado ya durƙusa kusa da kunnenta.

"Inna, ga abokina daga Ikko. Takanas ya zo duba ki."

Bai ƙara komai a kai ba. Abdurrahim ya durƙusa ya gaishe ta. Duk hanya yana tsara abin da zai faɗa, yadda zai nemi gafara. Ta ɗago hannun da ke motsi ta kama nasa ta riƙe. Bakinta ya yi ta motsi, sauti na fita ba kalma. Matar da ke jinyar ta ce albarka take sa masa, haka take yi wa duk wanda ya zo. Ya juya ya nemi fuskar Lado. Lado ya girgiza masa kai kaɗan. Sai ya bar maganar a cikinsa, ya ce amin, ya sake cewa amin, har ta gaji ta saki hannun.

Da suka fito ya ce, "Ya kamata ta sani."

"Ta san me? Ita a wurinta Allah ne ya dawo mata da ɗanta bayan an ce ya mutu. Ka bar ta a haka."

Kwana biyu ya yi ya juyo. Lado ya kai shi tasha ya damƙa shi a hannun direba.

Tsohuwar ta rasu bayan an gama girbi. Lado ne ya kira da kansa ya faɗa. Bai komo Ikko ba, yana can yana noma 'yar gonar da ta bari, ranar kasuwa kuma yana taya wani mahauci fiɗa. Sukan gaisa a waya lokacin sallah, gaisuwa gajera.

Kamfanin ya koma hayar saba a waje kamar yadda aka yi ta faɗa, an mai da ɗakin sanyin wurin ajiye kujeru. Abdurrahim ya nemi aiki a wurare kaɗan, da an zo maganar ido sai a ce za a neme shi. Yanzu idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Wani mai makarantar koyon kwamfuta a kusa da kasuwar Agege ya ba shi aji, yana zuwa wasu ranaku a mako. Ba ya taɓa kwamfutar. Zama yake a gaba ya sa ɗalibai su karanto masa abin da ke allo da ƙarfi, shi kuma ya gaya musu abin da yake nufi. Yawancinsu zanen shafuka masu kyau suke son koya, ba su da haƙurin saiti da gwaji, kuma ajin na raguwa. Mai makarantar ya fara maganar haɗe ajin da wani.

Ranar da ba aji yakan zauna a tagar Hafsa ya tsare mata kaya in ta shiga girki. Ya san inda komai yake da hannu. Masu saye na unguwa sun saba, su suke faɗa masa abin da suka ɗauka. In ruwa ya sauko kwata ta cika ta malalo kan hanya, sai ya ja bencinsa ciki ya rufe tagar rabi, ya zauna yana sauraro har a ɗauke.